Jirgin da Ya Fi Kusa da Ƙofa

Da sunan Allah nake buɗe wannan kashi na labarina, ina roƙonsa ya tsare bakina daga ƙari. Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana da irin Hausarku ta lakkol, ta 'yan boko.

Na ji abin da kuke faɗa, ku 'ya'yana, in kun taru da Salla kuna zaton kunnena ya mutu. Kuna cewa Inna ce ta zaɓa wa Baba lalataccen jirgi, Inna ce ta hana shi jin daɗin tsufansa. Har Sani, wanda a lokacin yana Yamai wurin karatu bai ga komai ba, shi ya fi kowa iya ba da labarin, har da kwaikwayon muryata. To, ga yadda aka yi daga bakin wadda take tsaye a wurin, kuma bayan wannan ba na son in sake jin zancen.

Babanku ya ƙare shekarun ƙarfinsa a Arlit yana tuƙa kar ɗin kampani, doguwar motar nan ta ɗaukar mutane, ya kwashi ma'aikata zuwa bakin ramin uraniyom, ya maido su, ya sake kwasar wasu. Ni ina amarya na bi shi can daga Tabalak, garinmu mai tafki, na sauka a garin da in ka ga ruwa to daga famfo ya fito. A can na haife ku duka. Ban taɓa son garin ba, amma ban yi ƙorafi ba, domin a nan abincinmu yake. Shekarar da 'yan tawaye suka koma duwatsu karo na biyu, ita ce shekarar da tari ya kama shi da gaske. Da farko in ya yi tarin sai ya ce shayi ne ya sarƙe shi. Daga baya ya zama in ya tako daga bakin titi zuwa gida sai ya dafa bango ya huta kafin ya yi sallama. Ni da nake wanke masa riguna na san abin da nake gani a hankicinsa. Likita ya duba shi ya faɗa masa a gabana cewa ƙirjin nan ba zai ƙara ɗaukar ƙurar wurin aiki ba, ya ajiye sitiyari, ya koma inda iska ke da laima. Ya ajiye, aka ba shi haƙƙinsa na ritaya. Na yi hamdala, na fara ɗaure kaya. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin: in kai mutumin nan Tabalak da ƙafarsa, ba a kwance ba. Na riga na raka mata da yawa maƙabartar Arlit, matan direbobi da na masu haƙa, waɗanda mazansu kullum suke cewa baɗi za mu koma gida.

Ina cikin ɗaurin kaya ya shigo wata la'asar yana murmushi irin wanda ban ga ya yi ba tun haihuwar Sani.

"Tani, zamna ki ji. Na ga jirgi."

"Jirgin sama? Ai kullum yana sauka."

"Na ruwa. Har biyu, a gidan Alhaji Sule."

"A Arlit?"

"A Arlit."

Na ce masa ya je ya kwanta, rana ce ta buge shi. Ashe gaskiya ne. Alhaji Sule Bakano ne, mai sayen tsofaffin kaya. Da rikici ya yi zafi Anasaru suka fara kwashe iyalansu, shi ya riƙa bin gidajensu yana saye duk abin da suka bari: firiji, gadaje, kekunan yara, har tukwanen furanni. A cikin kayan wasu Anasaru biyu abokan juna ya samu jirage biyu na sanholo, irin ƙarfen tukwanenmu mara nauyi, kowanne da injinsa da ake maƙalawa a baya. Tare suka sayo su, suna jan su a bayan mota zuwa kudu in sun sami hutu. Kuma a nan ciwon yake, domin babanku ya taɓa tuƙa ɗaya daga cikin Anasarun nan zuwa Tabalak, shekaru da yawa kafin nan, aka sa shi a jirgin aka zagaya tafki da shi, mutanen garinmu suna tsaye a baki suna kallo. Tun ranar abin yake cikinsa bai faɗa wa kowa ba.

Na tambaye shi abin da zai yi da jirgi. Na ce ko su zai shiga da tsufansa? Ya ce Allah ya kiyaye, shi ba masunci ba ne. Na ce to albasa zai riƙa ƙetarar wa masu lambu? Ya ce a'a.

"To mi za ka yi da shi?"

"Shan iska."

"Shan iska. Mutum da jikoki."

"Likita ya ce in sha iska mai laima. Ina ta fi ta tsakiyar tafki?"

Ku lura, ban hana ba. Wannan shi ne abu na farko da kuke ɓatawa in kuna ba da labarin. Guminsa ne, shekarunsa ne, kuma na ga idonsa. Na ce masa ya saya, gobe ma, mu ɗora a kamyo, babbar motar kaya, mu tafi. Ya ce sai ya zaɓa tukuna. Na ce zaɓe kuma na mi, ba ka ce tare aka sayo su ba? Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

Na je da kaina na gani, don kada a ce ban gani ba. Suna kife a kan tayoyi a tsakar gidan Alhaji Sule, tsakanin tulin kujeru da wani mataccen janareto. Tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, injinansu iri ɗaya har lambar da ke jiki. Ɗaya da shuɗin layi a gefe, ɗaya da kore. Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Amma babanku ya kama hannun mayafina yana zagayawa da ni. Wai mai shuɗin cikinsa yana da ƙirji kamar na zabuwa, zai tsaga igiyar ruwa. Mai koren cikinsa shimfiɗe yake, ba ya tangaɗi, kuma zai shiga inda ruwa bai da zurfi. Wai mai shuɗin benci uku gare shi, mai koren biyu amma masu faɗi. Wai ɗaya da ƙusoshi aka haɗa shi, ɗaya walda ce. Na ce to wanne ya fi? Ya ce ai nan take, kowanne akwai inda ya fi.

Da shi kaɗai ne da ya gaji ya ɗauki ɗaya. Amma akwai Agali. Kun san Agali, Ba'abzinen nan abokin aikinsa, mutumin kirki ne, ya yi mana alheri da yawa, amma a shekarar nan na so in zuba masa ruwan zafi. Mutumin da tun haihuwarsa ruwan da ya fi girma da ya taɓa gani shi ne na kwamin shayar da raƙuma, shi ya zama malamin jirgi. Zai zo da rawaninsa ya durƙusa yana ƙwanƙwasa haƙarƙarin jirgin, ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗaga gindi ya ajiye, daidai yadda yake yi in zai sayi amale a kasuwa. Saura kaɗan ya nemi haƙora. Kuma Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne.

"Tani, kai ba ka san jirgi ba. Wannan shuɗi, shi namiji ne. In guguwa ya taso cikin ruwa, shi ya tsaya."

"Agali, wace guguwa? Tafkin Tabalak da rani yara ke ƙetare shi da wando a ka."

"To, in haka ne kore ya fi."

Sai babanku ya ce amma da damina fa? Sai Agali ya ce gaskiya ne, da damina shuɗi. Su koma farko. Shi kuwa Alhaji Sule yana zaune a kujerar Anasara yana jan carbi, duk jirgin da ka tsaya kusa da shi shi ne ya fi. In babanku ya dafa shuɗi, ya ce, "Malam, wallahi ka san kaya." In ya matsa ya dafa kore, ya ce, "Kai, ni ma da ni ne wannan zan ɗauka." Bai gaggauta ba, domin wa zai zo ya yi masa takara a kan jirgin ruwa a Arlit? Kuma taron da ake yi a gidansa kullum yana jawo masu sayen kujeru.

Domin taro ake yi. Da suka gama da gangar jiki sai suka koma kan injina, kuma a nan direbobi suka ga abin da suka sani. Suka ce jiki ba ya magana, inji ne ke faɗin gaskiya. Aka kafa katako tsakanin tano biyu na zuba mai, aka maƙala injinan a jere, fankokinsu suna reto a iska. Kullum bayan la'asar babanku zai sayi esansi a kwalba, su zuba, su ja igiya. Ƙarar tana kaiwa har unguwarmu. 'Yan kabu-kabu su tsaya, yara su hau katanga, tsofaffin direbobi su zo da tabarmi. A tayar da na shuɗi a saurara, a kashe, a tayar da na kore. Babanku ya kafa sukundireba a jikin injin ya ɗora kunnensa a ƙota, yadda yake yi wa kar, ya rufe ido kamar mai sauraron wa'azi. Sai a tayar da su tare a buɗe musu wuta har ƙarshe, a ga wanda zai fara canza murya. Ranar da na je kiransa cin abinci na ji wani wari kamar an jefa takalmin roba a murhu. Na faɗa. Alhaji Sule ya ce, "Hajiya, ai ƙamshin ƙarfi ke nan." Aka yi dariya, ni ma na bar zancen, domin ban san komai a kan inji ba, kuma duk waɗanda ke wurin sun tsufa a cikinsa. Abin da na sani shi ne babanku yana tsaye a cikin hayaƙin yana tari har sai an riƙe shi.

Haka muka ga wata ya fito ya mutu, wani ya fito ya mutu. Kayana a ɗaure. Tukunya ɗaya na bari a waje da ludayi, a kanta muke rayuwa. Maƙwabta sun yi mini ban kwana har sun gaji, matar da na bai wa turmina ta fara jin kunyar haɗuwa da ni, ni kuma ina zuwa aronsa. A gari kuwa kullum da labari: an tare mota a hanyar Agadas, nakiya ta tashi da wata, ba a fita sai cikin ayari da rakiyar soja. Kowace safiya in tambaye shi, kowace safiya amsa ɗaya.

"Na kusa, Tani. Jiya na ji wani abu a muryar koren."

"Mi ka ji?"

"Ban tabbata ba. Sai na sake ji yau."

Na yi masa magana da taushi, na yi da faɗa, na aika wa yayansa saƙo a Tabalak ya kira shi a waya. Yayan ya kira, suka yi doguwar hira, da aka gama sai na ji yayan ma ya ɗauki ɓangaren shuɗi.

Abin da ya tsinke mini haƙuri ya zo ne ta bakin Agali. Lokacin kuɗin uraniyom ya tashi, ana ta buɗe sababbin wuraren haƙa a daji, baƙin kampanoni sun cika gari suna neman duk wanda ya san hanya da sitiyari. Ina bayan zana ina tankaɗe na ji su a zaure. Agali yana cewa sabon kampani na neman tsofaffin direbobi, ba sa tambayar takardar likita sosai in an san ka, albashin kuma ya ninka.  Sai na ji babanku ya ce:

"In na yi musu shekara guda, ai sai in saye su duka biyun. In kai su Tabalak, ruwa ya raba gardama."

Na ajiye rariya. Ban shiga zauren ba. Na san in ya sa hannu a takardar nan, shekara guda za ta haifi wata, kuma ba jirgi za a ɗora a kamyo ba. Washegari na sa mayafi na tafi tasha, wurin da ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Na nemi motocin da suka kawo kaya daga kudu za su koma wayam. Na samu wani direba ɗan Tawa, Idi, na san gidansu. Na sayar da awakina na biya shi. Na ce masa kayan gida ne da mutum biyu da jirgin ruwa ɗaya. Ya ce in sake faɗin na ƙarshen. Na sake. Ya ce shi dai ayari zai tashi jibi da hantsi, kuma soja ba sa jiran kowa. Wanda ya makara sai wani ayarin, Allah kaɗai ya san yaushe.

Da na dawo na faɗa wa babanku a fili, ba ɓoye-ɓoye. Na ce mota ta samu, jibi za mu tafi, akwai wurin jirgi ɗaya a kan kaya. Yana da yau da gobe ya zaɓa. Ya yi faɗa, ya ce tun yaushe mace ke ɗaukar mota ba da sanin mijinta ba. Na ce tun ranar da miji ya koma kwana a gidan Alhaji Sule. Ya ce ba zai tafi ba. Na ce to, gado da tukunya da buta za su tafi, ni ma zan bi su, in ya zauna sai ya kife jirgi ɗaya ya kwana a ƙarƙashi, ya dafa shayi a ɗayan.  Amma ranar da gobenta ya wuni can, aka ƙona esansin da ba a taɓa ƙonawa ba.

Ranar tafiya aka loda kaya tun da sanyin safiya, muka biya gidan Alhaji Sule. Ina zaune a gaban mota ina kallo ta ƙofa. Babanku yana tsakanin jiragen biyu, hannu ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan. Agali yana gefe yana ba da shawara. 'Yan dako huɗu suna tsaye suna jira a nuna musu. Idi ya danna oda, ya sake dannawa. Ya leƙo ya ce mini, "Inna, motoci sun fara jeruwa a bakin gari. In aka rufe layi ba ruwana." Na ga babanku ya buɗe baki ya ce shuɗi, 'yan dako suka sunkuya, sai ya ce a'a, ku dakata. Ya ce a kawo igiya a ɗan tayar da na koren sau ɗaya tak.

Na sauko. Gwiwata ma a lokacin tana ciwo, amma ban san sa'ad da na taka ƙasa ba. Na shiga tsakar gidan, maza suka buɗe mini hanya. Ban dubi babanku ba, babban 'yan dakon na duba.

"Kai, wanne ya fi kusa da ƙofa?"

"Mai koren, Inna."

"Ku ɗauka."

"Tani! Ban gama ba!"

"Ka gama, Malam. Alhaji, ka sallama?"

Alhaji Sule bai taɓa tashi daga kujera da sauri irin na ranar ba. Ya kama hannun babanku ya girgiza, ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka, jama'a ku shaida." Jama'a suka ce sun shaida, aka shafa fatiha. Kun san babanku, ba zai warware cinikin da aka shafa wa fatiha a gaban mutane ba ko da wuƙa a wuyansa. Ya tsaya yana kallo aka ɗaga koren aka ɗora a kan katifu, aka kwance injinsa daga katako aka naɗe da bargo. Agali ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Tani, kai mugu ne." Na ce na gode, ya gai da gida.

Mun samu ayarin da ƙyar, mu ne na ƙarshe a layi. Babanku ya ƙi zama a gaba tare da ni. Ya hau baya ya zauna cikin jirgin, a kan kaya, ya naɗe fuska da rawani, wai yana tsaron kada igiya ta kwance. Haka ya ratsa hamada a cikin jirgin ruwa, sojojin da ke bin bayanmu suna nuna shi suna dariya. A hanya mun wuce wata mota da ta ƙone ƙurmus a gefen titi. Ni addu'a nake, ina kuma sauraron tarinsa ta bayan gilashi, domin muddin ina jinsa na san yana nan. Da muka wuce Abalak na fara jin ƙamshin ƙasa mai ruwa, na yi kuka kaɗan, Idi ya yi kamar bai gani ba.

Sati bai cika ba ya sa ranar shiga ruwa. Gari ya fito kamar ana suna. Ya sa farar riga, ya ɗauki yayansa da liman da wani ɗan'uwansu mai shago. Masunta suka taimaka aka tura jirgin, aka maƙala inji. Ja ɗaya ya tashi. Yara suka yi ihu, mata suka yi guɗa, ni ma, ba zan ɓoye ba, raina ya yi sanyi da na ga yadda ya zauna a baya ya riƙe sitiyarin nan, ƙirji a buɗe. Suka tafi suna tsaga ruwa har suka zama ƙanana. Sai muka ga hayaƙi. Sai ƙarar ta canza, ta yi kamar akuya ta shaƙe, ta ɗauke. Muna tsaye muna hangen mutum huɗu a tsakiyar tafki, ɗaya yana ta jan igiya, liman ya ɗaga hannu sama. Ba su ɗauki ko sanda ba. Masunta biyu suka bi su da kwalekwale suka jawo su, a gaban duk garin da ya taɓa kallonsa a jirgin Anasara.

Da ya taka tudu bai dubi kowa ba sai ni.

"Kin gani? Kin ga zaɓenki?"

Muka kai injin Tawa wurin wani mai gyaran injinan ban-ruwa. Na bi su, don na san in ban ji da kunnena ba za a canza mini labari. Mutumin ya kwance ƙafar injin, ya zazzage wasu baƙaƙen gutsattsari a tafin hannunsa. Ya ce wannan wata 'yar fanka ce ta roba, ita ke zuƙo ruwan tafki ta zagaya da shi cikin inji don ya huce. Irin wannan inji ba shi da tankin ruwa kamar mota, ruwan da yake tafiya a kai shi yake sha. In aka tayar da shi a tudu, robar tana ƙonewa nan da nan, daga nan kuma inji yana dafa kansa. Ya ce cikin injin ma ya riga ya cinye. Sannan ya tambaya ko an taɓa tayar da shi ba a cikin ruwa ba. Na dubi babanku. Babanku ya dubi takalminsa.

"An ɗan gwada shi," in ji shi.

Muka hau mota. Na ɗauka magana ta ƙare, tunda kowa ya ji: injina biyu a katako ɗaya, hannu ɗaya ke jan igiyarsu, abin da ya ci wannan ya ci wancan. Muna fita gari sai ya gyara zama ya ce:

"Na shuɗin da ya jure. Ƙarfensa ya fi kauri, na ji a muryarsa."

Daga ranar har ya koma ga Allah bai sauka daga kan wannan magana ba, kuma daga bakinsa kuka ɗauka. Shuɗin yana can Arlit bai taɓa shiga ruwa ba, don haka bai taɓa mutuwa ba. Na biya kuɗin zaɓen nan da abin da ya fi awaki. Ya yi watanni ba ya kiran sunana, sai "ke". In baƙi sun zo ya nuna musu jirgin ya ce ga jirgin Tani. Mata a bakin rijiya suna tambayata ko zan zo in zaɓa musu rago, tunda na iya zaɓe. An aika neman kayan gyara har Yamai, har Sakkwato, wani ya karɓi saƙo ya ɓace, wani ya kawo wanda bai shiga ba. Injin yana nan a ɗakin ajiya cikin bargonsa, kun gan shi.

Amma jikin jirgin ba ya yoyo. Da fushin ya ɗan kwanta, sai ga babanku ya samo gora doguwa, masuntan da suka jawo shi suka koya masa turawa. Cikinsa shimfiɗaɗɗe ne, yana tafiya har inda ruwa bai kai gwiwa ba. Wannan ban faɗa masa ba, don kada ya ce ina neman yabo. Kullum da hantsi ya tura shi cikin ciyayi inda tsuntsaye ke sauka, ya zauna da butar shayinsa da rediyo. Tarin bai rabu da shi ba, amma ya sassauta, ya koma cin tuwo da miya har ya nemi ƙari. Ya ga aurenki, Rabi. Ya yi wa 'ya'yan Sani huɗuba da bakinsa, ya ɗora su a benci mai faɗin nan ya zagaya da su bakin ruwa, yana faɗa musu cewa akwai wani jirgi a arewa da ya fi wannan. Cikin direbobin da suka shiga sabon aikin tare da Agali, na san waɗanda aka kira mu aka yi mana ta'aziyyarsu tun ba a je ko'ina ba. Shi kuwa da lokacinsa ya yi, a ɗakinsa ya cika, aka kai shi kusa da mahaifiyarsa, mutanen da suka san shi tun yana yaro suka ɗauki makararsa.

A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya ina ba shi kunu a cokali, ya tsayar da hannuna. Na ɗauka wasiyya zai yi, na matso da kunne.

"Tani."

"Na'am, Malam."

"Da kin bari an sake tayar da koren nan sau ɗaya, da na gane shi."

Na ce haka ne, buɗe bakinka. Ya buɗe, ya sha. Ban yi masa gardama ba ranar, kuma ku ma ba gardama nake yi da ku ba. Ku ce na zaɓi lalataccen jirgi in kuna so. Ni ba jirgi na je ɗauka gidan Alhaji Sule ba. Numfashin da ya yi shekaru yana yi mini mita da shi, shi na ɗoro a motar Idi.